Yadda muka gano 'mai baƙin rawani' a bakin rafin Ɗandamisa

Ƙarfe shida da 'yan mintuna na safiyar wata Asabar cikin watan Disamba, mu huɗu muna tsugune a bayan wata gonar rake a Ɗandamisa, cikin Ƙaramar Hukumar Maƙarfi ta Jihar Kaduna. Hazo ya rufe gabas, sanyin hunturu na ratsa rigunanmu, haƙoranmu har kaɗawa suke yi. Kayan aikinmu ba su taka kara sun karya ba: madubin hangen nesa guda ɗaya da muka aro, littafin hotunan tsuntsaye da bangonsa ya fara yagewa, littafin rubutu da biro, sai wayoyinmu. Duk wanda ya wuce a kan keke ko babur sai ya waiwayo ya sake dubanmu. Ba mu ga laifinsu ba. A ƙauye, wanda ya yi sammakon zuwa fadama ko dai ban ruwa ya kai shi ko saran rake. Mu kuwa kallon tsuntsaye ya kawo mu.

Abin da ya kai mu

Dukkanmu ɗalibai ne a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Uku muna karatun nazarin dabbobi, na huɗunmu kuma, wanda ɗan asalin Ɗandamisa ne, harshen Hausa yake karanta. A aji ne muka fara jin labarin aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, wanda aka fara a 2015 ƙarƙashin cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke dajin Amurum kusa da Jos. An yanka taswirar ƙasar nan gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 tsawo da 9 faɗi. Mai sa kai zai shiga gida ɗaya, ya yi aƙalla awa biyu yana rubuta duk tsuntsun da ya gani ko ya ji kukansa, sannan ya aika ta manhajar waya. Da haka ake sanin inda kowane tsuntsu yake, da inda ya fara ɓacewa. Akwai ma ƙungiyar matasan Arewa masu wannan aiki, wadda ake kira Arewa Atlas Team.

Najeriya na da nau'in tsuntsaye sama da 900. Kuma Zariya ba baƙuwa ba ce a wannan fanni. Wani Bature mai suna Hilary Fry ya koyar a jami'armu a shekarun 1960, yana kuma cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masu nazarin tsuntsaye ta Najeriya a 1964. A gaɓar rafukan ƙasar Zazzau ya yi binciken da ya fito da sunansa. Da muka ji haka sai kunya ta kama mu. Mutum ya taso daga Ingila ya san tsuntsayen bayan gidanmu, mu kuwa in an cire kurciya da balbela da hankaka sai mu fara 'yan kame-kame.

Abokinmu ɗan Ɗandamisa ne ya ce a bayan gonar kawunsa akwai wani ɗan kurmi a bakin rafi, inda tun suna yara suke jin koke-koke iri-iri. Da aka yi hutu muka haɗa kuɗin mota, muka bi hanyar Kano, muka ratse ta Tashar Yari.

Sai da muka fara da ƙofar mai unguwa

Shawarar farko da kawun abokinmu ya ba mu ita ce kada mu kuskura mu shiga fadama ba mu gaida mai unguwa ba. A irin wannan zamani na rashin tsaro, baƙo mai leƙe-leƙe da madubin hangen nesa yana rubuce-rubuce, abin da za a fara kawowa a rai shi ne ɗan leƙen asirin ɓarayin daji ne. Bayan sallar isha'i ya raka mu.

Muka durƙusa muka yi gaisuwa. Abokinmu ya ce, "Ranka ya daɗe, abokan karatuna ne daga Samaru. Tsuntsaye suka zo ƙirgawa."

Mai unguwa ya yi shiru, sannan ya ce, "Ƙirgawa? To in kun ƙirga, haraji za a sa musu?" Zaure ya ɗauki dariya. Muka miƙa masa katin makaranta da littafin hotunan. Ya haska tocila yana buɗawa shafi-shafi, yana kiran sunayensu: ga shamuwa, ga zalɓe, ga cilakowa, ga burtu. Da ya zo kan ungulu sai ya dakata. Ya ce a da in an yi yanka a mahauta sai an sa yaro korarsu, yanzu kuwa ya manta rabon da ya ga ko ɗaya. Muka gaya masa cewa tun 2015 aka sa ungulun da muka sani cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya. Ya girgiza kai, ya ce haka gauraka ta tafi ba sallama. Daga nan ya sa aka sanar da 'yan sintiri, ya ce mu je Allah Ya tsare.

'Yar ajinmu, wadda ita kaɗai ce mace a tafiyar, ta kwana a ɗakin kakar abokinmu. Kafin gari ya waye ta cika shafi biyu da sunayen tsuntsaye da tsohuwar ta ba ta, har da kirarin wasu.

Hanyar bakin rafi

Hanyar 'yar siririya ce, sawun masu ban ruwa da na shanu ya fitar da ita. Dama da mu rake ne ya yi tsayi ya fi mutum, hagu kuma fangalin tumatir da albasa da tattasai. Duk wanda ya san Maƙarfi da Kudan da Ikara ya san arzikin yankin nan a fadama yake. Ƙarar injin ban ruwa ta riga kukan tsuntsaye tashi.

Muka riƙa tafiya sannu-sannu, muna karɓa-karɓa da madubin. Balbelu na bin bayan shanu. Zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya a bakin ruwa kamar an dasa shi. Ragon maza ya fito daga cikin rake da jajayen fukafukansa, ya yi tsalle biyu ya koma. Shirwa na shawagi a sama. Wasu 'yan tsuntsaye masu ruwan ƙasa suka tashi tare daga cikin gamba, muka yi ta gardama a kansu, sai daga baya muka gane mulufi ne: jar rigar nan da aka san shi da ita ta damina ce, da rani tuɓe ta yake yi. Shamuwa kuwa ba mu sa ran ganinta ba, don in damina ta ɗauke takan yi ƙaura zuwa gabashi da kudancin Afirka, sai ruwa ya kusa sauka ta dawo.

A wata gaɓa mai tsayi muka ga ramuka jere kamar an huda da tabarya. Korayen tsuntsaye masu jan maƙogwaro na shiga suna fita, suna cafke ƙudan zuma a iska. Su ne waɗanda Fry ya yi shekaru yana bibiya, har ya nuna cewa ma'aurata kan samu mataimaka daga danginsu wajen ciyar da 'ya'ya. Muka tsaya muna kallon abin da muka karanta don cin jarrabawa yana faruwa a gabanmu.

Kukan da ya tsayar da mu

Wajen ƙarfe bakwai da rabi muka isa kurmin. Bai fi tsawon filin ƙwallo ba, faɗinsa kuwa taku ashirin ne ko ƙasa da haka. Amma da shigarmu muka ji iskar ta sauya. Akwai ɓaure da kanya da ɗinya da tsofaffin mangwaro biyu, sarƙaƙiya ta naɗe su, ƙasa kuma da damshi duk da an yi wata biyu ba ruwa.

Nan muka ji shi. Fito ne mai ƙarfi, tas, kamar na yaro mai kiwo, ana maimaita shi ba gajiya. Can sai wata murya ta biyu ta shigo a ƙarƙashinsa da ɗan karkarwa, suka tafi tare. Muka dubi juna. Babu wanda ya taɓa jin irinsa a cikinmu. Ɗayanmu ya kunna wayarsa yana naɗar kukan, sauran muka zauna a kan saiwar ɓaure.

Minti goma, ba komai. Minti ashirin, ganye kawai ke motsi. Tururuwa suka hau ƙafar ɗayanmu, ya cije bai motsa ba. Har mun fara raɗa cewa mu ci gaba, sai 'yar ajinmu, wadda madubin ke hannunta, ta ɗaga yatsa ɗaya.

Ya fito kan wani reshe da ya miƙa bisa ruwa. Kansa da wuyansa baƙi wuluk, amma kowane gashi da farin baki-baki, sai ka ce an yayyafa masa garin azurfa. Bayansa kore ne mai duhu, cikinsa rawaya, jelarsa doguwa yana ɗaga ta yana saukewa, bakinsa baƙi, dogo, mai ɗan lanƙwasa. Ya leƙa ƙarƙashin ganye, ya zaro wani ƙwaro, ya haɗiye. Na biyu ya biyo shi. Duk abin bai wuce daƙiƙa arba'in ba, amma kowannenmu ya samu ya ɗora ido a madubin. Abokinmu ɗan Hausa ya ce, "Wannan ai mai baƙin rawani ne." Sunan da ya bi shi ke nan har muka dawo makaranta.

Wane tsuntsu ne?

Littafin da ke hannunmu shi ne na tsuntsayen Yammacin Afirka wanda Nik Borrow da Ron Demey suka wallafa. Muka buɗe sashen ƙananan tsuntsaye masu cin ƙwari da rera kuka a cikin ciyawa da duhuwa, waɗanda Turawa ke kira warbler. Yawancinsu masu ruwan ƙasa ne, suna kama da juna har su rikita gwani. Namu kuwa ba ya ɓoyuwa. Sunansa a Turance Oriole Warbler, a kimiyyance kuma Hypergerus atriceps. Wani Bafaranshe mai suna Lesson ne ya fara bayyana shi a rubuce a 1831. Tsawonsa kimanin santimita 20, wato ƙato ne a cikin danginsa. Ana samunsa daga Senegal har zuwa Kamaru da Chadi da Afirka ta Tsakiya. Muryoyi biyun da muka ji na miji da mata ne, tare suke yin kukansu.

Gaskiyar magana, ba ya cikin tsuntsayen da ke fuskantar ƙarewa a duniya. Abin da ya sa ganinsa ke da wuya a ƙasarmu shi ne ba ya zama a fili. Duhuwar bakin ruwa ce gidansa: nan yake cin abinci, nan yake rataye sheƙarsa a reshe, sau da yawa bisa ruwa, ta yi kama da yayin da ambaliya ta bari. A yankin da kusan kowane taku ya zama gona, irin wannan duhuwa ta zama tsibiri. In aka sare ta, ba wani wurin da zai matsa kusa.

Ba mu yarda da idonmu kawai ba. Mun rubuta kamanninsa nan take kafin mu buɗe littafi, don kada hoton littafin ya gyara mana abin da muka gani. Da muka koma Samaru muka kai wa wani malaminmu rubutun da muryar da muka naɗa, ya saurara sau biyu, ya ce shi ne.

Yaro mai danƙo da baƙo daga Turai

A hanyar dawowa muka haɗu da wani yaro ɗan kimanin shekara goma sha biyu, danƙo rataye a wuyansa. Ya tambaye mu, "Yaya, me kuke nema tun ɗazu?" Muka nuna masa hoton. Ko daƙiƙa biyu bai yi ba ya ce ya san su, su biyu ne, kuma ya san inda tsohuwar sheƙarsu take. Ya kai mu, ga ta kuwa tana lilo a reshen mangwaro. Abin da muka sha sanyin awa biyu muna nema, shi kullum yana wuce shi.

Sai ya zaro abin da ya harbo da safen daga aljihu. Ɗan tsuntsu ne mai ruwan ƙasa, da zane-zane a baya da farar gira. Muka duba littafi, jikinmu ya yi sanyi. Shi ma daga dangin warbler yake, irin wanda ake kira Sedge Warbler. A Turai da yammacin Asiya yake ƙyanƙyasa, in sanyi ya gabato ya taho Afirka. Nauyinsa kimanin giram 12 ne, kamar ƙwayar sukarin kwali uku. Kafin ya tashi yakan ci ƙwari ya tara kitse har nauyinsa ya kusa ninkawa, da wannan guzurin yake tsallake Bahar Rum da hamadar Sahara, wadda faɗinta daga arewa zuwa kudu ya haura kilomita 1,500.

Muka gaya wa yaron haka. Ya juya tsuntsun a tafin hannunsa, ya ce, "Wannan ɗin? Ko loma ɗaya bai kai ba." Ba mu yi masa faɗa ba, don babu wanda bai taɓa riƙe danƙo ba a cikinmu. Madubin muka miƙa masa. Ya ɗora a ido, ya saita wani zalɓe da ke can nesa, sai ya ja da baya da sauri, yana tsammanin zalɓen ya iso gabansa. Ranar bai rabu da mu ba har azahar, kuma shi ya nuna mana bakwai daga cikin nau'i 41 da muka rubuta.

Gatari na jiran kurmin

Da yamma muna shan rake a ƙofar gida, muna ba kawu labari cikin murna, sai ya ce, "To kun zo a kan gaɓa, don bana nake son in sare wurin nan." Muka yi tsit.

Dalilansa ba na wasa ba ne. Gonar gado ce, an raba ta tsakanin 'yan uwa, kason kowa ya ƙanƙance. Taki ya yi tsada, man injin ban ruwa ya yi tsada, ga auren 'yarsa na tafe. In ya sare kurmin zai sayar da itacen, ya kuma samu ƙarin fangali na tumatir. Ya ƙara da cewa shi a saninsa tsuntsu ɓarna yake yi, don bai manta shekarar da jan baki suka sauka a gonar dawarsa ba.

Abokinmu ya ce, "Kawu, waɗannan ba sa cin hatsi. Ƙwari suke ci, irin waɗanda kake sayen magani dominsu." Kawu ya ce ya ji, amma ƙwari ba za su yi wa amarya kayan ɗaki ba. Ba mu da amsar wannan. Mu da ke jiran kuɗin makaranta daga gumin irinsu, ba mu da bakin yi masa wa'azi.

Abin da ya taimake mu ba daga littafinmu ya fito ba. Washegari muka koma tare da shi. Ƙasa da kurmin kaɗan akwai gonar da aka share har bakin ruwa shekarun baya. Gaɓar ta zabtare, rafi ya ci ya shigo cikin gonar, har bututun ban ruwa na reto a iska. A gefen kurmin kuwa saiwoyin ɓaure da kanya sun riƙe ƙasa gam. Kawu ya san wannan tun kafin a haife mu, sai dai bai taɓa jera wuraren biyu a ransa ba. Ya daɗe a tsaye yana duban nan, yana duban can. Muna nan tsaye kuwa mai baƙin rawani ya saki fitonsa daga cikin duhuwa.

Kawu ya ce, "Shi ne wannan?" Muka ce shi ne. Ya ce tun yana saurayi yake jin kukan nan in ya zo ban ruwa, bai taɓa ganin mai yin sa ba.

Bai yi mana alkawarin barin kurmin duka ba. Ya ce zai rage gefen da ke kallon gona, ya bar layin itatuwan da ke bakin ruwa da sarƙaƙiyarsu. Ko abin da zai rage zai ishi tsuntsayen nan biyu, sai mun koma hutun gaba mu gani. Mun bar wa yaron nan littafin rubutu da biro, da sharaɗin ya riƙa rubuta ranar da duk ya ji kukansu.

Ga mai son farawa

'Yan uwa ɗalibai, musamman na sakandare, wannan harka ba sai mai kuɗi ba. Ga kaɗan daga abin da muka koya:

Ku fara da gida. Bishiyar makarantarku da kududdufin bayan gari sun isa. Ku fita da sassafe ko da la'asar, lokacin da tsuntsaye suka fi motsi.

Kada ku tafi ku kaɗai, kada kuma ku shiga gonar mutane ko daji ba izini. Ku sanar da iyaye da mai unguwa, ku guji duk inda aka ce ba lafiya.

Ku rubuta kwanan wata, wuri, girman tsuntsu, launinsa, siffar bakinsa da abin da yake yi. Wanda ba ku tabbatar ba, kada ku ba shi suna don burgewa.

Ku saurara fiye da yadda kuke kallo. Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma da kukan ake gane da yawansu. Amma kada ku dinga kunna musu kukansu a waya don su fito, yana wahalar da su. Sheƙa kuma a dube ta daga nesa.

In kun tsinci tsuntsu da zobe a ƙafa, ba na tsafi ba ne. Masu bincike ne suka sa, yana ɗauke da lamba da adireshi. Ku kwafe su ku kai wa malamin kimiyya.

Ku tambayi kakanni sunayen tsuntsaye ku rubuta. Yadda kurmi ke ƙarewa, haka sunayen ke ƙarewa a bakin mutane.

Ranar Asabar ta biyu a watan Mayu da ta biyu a watan Oktoba ake bikin ranar tsuntsaye masu ƙaura ta duniya. Kulob ɗin kimiyya na makarantarku na iya fita a ranar, ko da awa biyu ne.

Makon jiya abokinmu ya kira gida. Bayan gaisuwa, kawu ya ce a gaya wa 'yan Samaru yaronsu ya cika shafi uku, kuma jiya da safe ma mai rawanin ya yi kuka.